Gini mai sanyi ba tare da lantarki ba: Daga sarautar magina zuwa lambobin yabo na duniya

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kamar sauran garuruwan shiyyar Funtuwa ta Jihar Katsina, ginin bulo da siminti mai rufin kwano shi ne ya zama alamar wadata. Sai dai daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke kusantar digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, irin wannan ɗaki kan gagari zama da tsakar rana. Wutar lantarkin da za ta juya fanka ba ta da tabbas, kuma kuɗin man janareta ya ninka tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Wannan ne ya sa batun gini mai tsimin makamashi, wato ginin da fasalinsa da kayan aikinsa ke rage buƙatar fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ya shafi talaka kafin ya shafi mai hali.

Yadda ginin gargajiya ke sarrafa zafi

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan ilimi. Suna gini da tubali, curin ƙasa da ake cuɗawa da ciyawa, a mulmula da hannu, a shanya a rana. Bangon yakan yi kauri daga ƙasa, ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa sama. Kaurin ne ke jinkirta shigar zafi: bango na shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, iska ta yi sanyi. A lokacin hunturu kuwa wannan ɗumin da bango ya adana shi ke kare masu gida daga sanyin asuba.

Rufin soro ana yin sa ne da azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi, sannan a ɗora ƙasa a kai. Idan ɗaki ya yi faɗin da azara ɗaya ba za ta haye ba, sai a yi bakan gizo ko ɗaurin guga, wanda ke ɗaga rufi sama har iska mai zafi ta samu wurin taruwa nesa da kawunan mutane. Tagogi ƙanana ne, kuma a sama ake buɗe su. Kariya daga ruwa kuwa ana samunta ne daga yaɓen makuba, da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake yi da katsin marina, tare da indararo mai zubar da ruwan rufi nesa da gindin bango.

Karramawa a tsarin sarauta

Kafin zuwan takardar shaida, al'umma na da hanyarta ta tantance gwani. Gini sana'ar gado ce, kuma a manyan birane akwai Sarkin Magina da ke shugabantar masu sana'ar, yana raba aikin fada da na ganuwa, yana kuma sasanta rigima. Hasumiyar Gobarau da ke birnin Katsina, wadda tarihin baka ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, shaida ce ta daɗewar wannan ƙwarewa.

Wanda ya fi shahara a cikin magina shi ne Muhammadu Durugu, da aka yi wa laƙabi da Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, kuma har yau akwai unguwa a Zariya mai suna Babban Gwani. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya auna gine-ginen gargajiya da dama a Najeriya, kuma aikinsa ne ya haifar da gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka gina kwafin wannan masallaci.

Karramawa a tsarin doka

Da zuwan ilimin boko, sai ma'aunin ya sauya. An kafa Ƙungiyar Masu Zanen Gine-gine ta Najeriya, NIA, a 1960, sannan dokar soja mai lamba 10 ta 1969 ta kafa hukumar rajistarsu, ARCON. A ƙarƙashin wannan doka, wanda hukumar ta yi wa rajista ne kaɗai ke da ikon amsa sunan akitek. Akan kai wannan matsayi ne bayan karatun jami'a, kamar a sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da horon aiki, da jarrabawar ƙwarewa. Tsarin na kare jama'a daga 'yan bumburutu a sana'ar, amma bai tanadi gurbi ga maginin da ya gaji sana'a a gidan ubansa ba, komai gwanintarsa.

A ɓangaren makamashi, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a watan Agustan 2017, tare da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. Ƙa'idar ta taɓo girman tagogi idan aka kwatanta da faɗin bango, da yi musu inuwa, da sanya abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, da ƙarfin fitilu, da ingancin na'urorin sanyaya ɗaki. Mai lura zai ga cewa ukun farko abubuwa ne da soron gargajiya ya riga ya tanada. Da yake amincewa da taswirar gini aikin jihohi ne, tasirin ƙa'idar ya dogara ne a kan yadda kowace jiha ta shigar da ita cikin dokokinta. Akwai kuma shaidun ƙasa da ƙasa da ake bai wa gini, kamar LEED ta Amurka da EDGE ta hukumar IFC, sai dai galibi manyan gine-ginen Legas da Abuja ne ke nemansu.

Lokacin da duniya ta waiwayo

Karramawa mafi girma da maginin Hausa ya samu a wannan zamani ta zo ne daga Jamhuriyar Nijar. A ƙauyen Yama da ke Jihar Tawa, wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya soma gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, da gudunmawar mutanen gari. A 1975 ya sake rufin da baka da ƙubba, sannan ya ƙara hasumiyoyi huɗu tsakanin 1978 da 1982. A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan zanen gine-gine a duniya.

A garin Dandaji, shi ma a Jihar Tawa, Mariam Issoufou 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci mai ɗaukar kimanin mutum 1,000 da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Sun gayyato maginan da suka yi tsohon ginin cikin aikin gyaransa. Cibiyar, mai suna Hikma, ta samu lambar zinare ta gidauniyar LafargeHolcim a shiyyar Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, aka kammala ta a 2018.

Sai kuma Francis Kéré na Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker. Makarantar firamaren da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001 ta warware matsalar kwano cikin sauƙi: ya yi bango da silin na bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa, ya bar sarari a tsakani domin iska ta kwashe zafin, sannan ya tsawaita bakin rufin ya yi wa bango laima daga rana da ruwa.

Abin da wannan ke nufi ga kudancin Katsina

Ginin ƙasa na da nasa rauni. Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma soron da ba a yi wa yaɓe kafin damina ba na iya ruftawa a kan masu shi. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Saboda haka dabarar Gando da ta Dandaji sun fi dacewa da yankin a kan komawa ga soro zalla: harsashin dutse ko kankare da zai raba bango da danshi, bulon ƙasa matsattse mai ɗan siminti irin wanda Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injinsa, da kwano mai sarari a ƙarƙashi. Ƙanƙara na da arzikin farar ƙasa, kuma farin bango na mayar da hasken rana maimakon ya shanye shi. Fuskantar da dogayen bangaye kudu da arewa, da dasa darbejiya ta yamma da gida, ba sa cin kuɗi mai yawa.

Matsalar tsaro ta raba iyalai da dama a waɗannan ƙananan hukumomi uku da ƙauyukansu, kuma akwai gidaje da azuzuwa da ɗakunan shan magani da za a sake ginawa. Zaɓin fasalin da za a yi musu zai bi yara da marasa lafiya shekaru masu yawa. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, da ke Kaduna na da tsarin bai wa masu sana'ar hannu shaida bisa ƙwarewar da suka koya a bakin aiki. Ta wannan ƙofa maginin gado zai iya samun takardar da za ta ba shi damar shiga aikin gwamnati tare da akitek mai rajista, kamar yadda maginan Dandaji suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu zanen Hikma.