Giyar Gari da Mashayar Unguwa a Tarihin Ingila

Abin da Hausa ta haɗa a kalma ɗaya ta kira shi giya, Ingilishi ya raba shi gida biyu tun shekaru ɗari shida da suka wuce, wato *ale* da *beer*. Yau Baturen Ingila yakan musanya kalmomin biyu ba tare da ya damu ba, amma a ƙarni na 15 bambancinsu a fili yake, har hukuma tana hukunta wanda ya gauraya sana'o'in biyu. A cikin wannan bambanci ne tarihin mashayar Ingila ya faro. Ba batun halasci ake yi a nan ba, domin hukuncin giya ga Musulmi sananne ne. Abin da ake nufin dubawa shi ne yadda wani abin sha ya ɗaure jama'a da garinsu, da yadda masu jari suka nemi kwance wannan ɗauri, da kuma abin da ya saura bayan an gama kokawa.

*Ale* ita ce ta asali. Da tsiron sha'ir da ruwa da yis ake yin ta, ba a ƙara kome sai wani lokaci ɗan ganyen ƙamshi. Illarta guda ce: ba ta kwana da yawa. Cikin 'yan kwanaki sai ta yi tsami, saboda haka ba ta yiwuwa a yi ta a wannan gari a kai wancan. Kowane ƙauye shi yake dafa tasa, kuma galibi mata ne masu dafawa, kamar dai yadda sana'ar burukutu take a hannun mata a inda ake yin ta. Matar da ta dafa fiye da buƙatar gidanta sai ta kafa sanda a ƙofa, maƙwabta su gani su zo da tulunansu, wasu kuma su zauna su sha a nan. Mashayar farko ke nan: ɗakin girkin wata mata. Malama Judith Bennett ta bi takardun kotunan ƙauyuka ta rubuta littafi a kan waɗannan mata a 1996, ta kuma nuna yadda sana'ar ta suɓuce daga hannunsu da zarar ta fara kawo kuɗi masu kauri.

Hukuma ta sa hannu tun da wuri, domin a wancan zamani giya ɗaya ce daga cikin abincin yau da kullum. Wajen 1266, a zamanin Sarki Henry na Uku, aka kafa dokar da ta ɗaure farashin burodi da na giya da farashin hatsi, aka kuma riƙa naɗa masu ɗanɗanawa a kowane gari. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya umarci masu sayarwa su rataya alama a ƙofa don masu ɗanɗanawar su gane gidan. Da yake yawancin mutane ba su iya karatu ba, sai aka riƙa zana hoto, ko jan zaki, ko farar barewa, ko kambin sarauta, kuma daga hotunan nan ne sunayen mashayun Ingila suka samo asali.

Ita kuwa *beer* baƙuwa ce. Wajen 1400 ta shigo daga Holan da Falanda, kuma abin da ya bambanta ta shi ne furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hof, wanda yake sa mata ɗaci ya kuma hana ta lalacewa da wuri. Mutanen Ingila sun daɗe suna yi mata kallon abin shan baƙi. Amma abin da yake jure ajiya yana jure tafiya, abin da yake jure tafiya kuwa ana iya yin sa da yawa a wuri guda. Aka fara noman hof a lardin Kent wajen 1520, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 17 kusan kowace giya ta Ingila tana ɗauke da shi, har kalmar *ale* ta koma nufin wani jinsi kawai na giya mai hof. Sana'ar ta bar ɗakin girki ta koma hannun maza masu manyan tukwanen tagulla. A 1552 aka wajabta wa mai mashaya neman lasisi daga alƙalan gari, kuma ƙidayar da aka yi a 1577, ko da yake ba ta game ƙasar duka ba, ta samu mashayun giya fiye da 14,000.

Ƙarni na 18 ya zo da annobar barasar jin a Landan, wadda Hogarth ya zana a 1751 cikin hotuna biyu: titin jin cike da gawa da yunwa, titin giya cike da ƙiba da walwala. Wannan ra'ayi, cewa giya ita ce maganin barasa, shi ya haifi dokar 1830, wadda ta ba duk mai biyan harajin gida damar dafa giya da sayar da ita in ya biya fam biyu da sule biyu. Kafin shekarar ta ƙare an buɗe sabbin gidaje fiye da 24,000. Maye ya ƙaru ƙwarai a garuruwan masana'antu, har a 1832 Joseph Livesey da abokansa suka ɗauki alkawarin ƙaurace wa giya baki ɗaya a garin Preston, kuma a 1869 aka mayar da gidajen ƙarƙashin ikon alƙalai. Da yawa daga cikin ƙananan mashayun lungu da ake ƙauna a yau 'ya'yan waccan doka ce.

A nan ya kamata a ɗan dakata a kan garin Burton, wanda yake bakin kogin Trent, domin shi ne babban misalin yadda ƙasa take shiga cikin ɗanɗanon abin sha. Ruwan rijiyoyin Burton yana ratsa duwatsu masu sinadarin jifsam, kuma wannan ruwa ya dace ƙwarai da giya mai haske, mai ɗacin hof. William Bass ya kafa masana'antarsa a can a 1777. Da farko kasuwar garin tana Rasha da ƙasashen tekun Baltik ne, har sai da yaƙe-yaƙen Napoleon da harajin da Rasha ta ɗora a 1822 suka toshe hanyar. Sai Samuel Allsopp ya juya ga Indiya, inda ma'aikatan mulkin mallaka suke neman giyar da za ta jure watanni a cikin jirgin ruwa. Da jirgin ƙasa ya iso Burton a 1839, giyar da aka yi don Indiya ta mamaye Ingila kanta. A ƙarshen ƙarnin garin yana da masana'antu fiye da 30. Tashar St Pancras ta Landan, wadda aka buɗe a 1868, an auna tazarar ginshiƙan ƙarƙashinta ne da tsawon gangar giyar Burton. Jan alwatika na kamfanin Bass kuwa shi ne tambarin kasuwanci na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, a ranar 1 ga Janairu 1876. Abin lura shi ne masu ilmin sinadarai ba su daɗe ba suka gano sirrin ruwan, suka riƙa zuba jifsam a ruwan kowane gari. Daga ranar aka san cewa ɗanɗanon wuri abu ne da za a iya ɗauka a buhu.

Duk da haka bambancin yankuna bai mutu ba. Ma'aikatan ƙarfe na tsakiyar Ingila sun riƙe baƙar giyarsu mai zaƙi-zaƙi marar ƙarfi, mutanen Yorkshire suna son tasu da kumfa mai kauri a kai, mutanen kudu kuwa ba su damu da kumfa ba. Abin da ya canza shi ne mallaka. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 kamfanoni suka shiga sayen mashayu, suna ba da su haya bisa sharaɗin ba za a sayar da giyar kowa ba sai tasu. Daga nan hanya mafi sauƙi ta samun kasuwa ita ce a sayi ƙaramar masana'anta, a rufe ta, a gaji mashayunta. A 1900 akwai masu dafa giya fiye da 6,000 in an haɗa da mashayun da suke dafa tasu; a farkon shekarun 1970 masana'antun ba su kai 200 ba, mashayun da suke dafawa a bayan gida kuwa saura huɗu tak. Kamfanoni shida, wato Bass Charrington da Allied da Whitbread da Watney Mann da Courage da Scottish & Newcastle, su ne suke riƙe da kusan kashi uku cikin huɗu na kasuwar.

Ba mallakar ce ta tunzura mashaya ba, abin da aka zuba musu a kofi ne. Giyar gargajiya tana barin masana'anta da ranta: yis yana cikin gangar, yana ci gaba da aiki a ɗakin ƙasa na mashaya, inda sanyi yake wajen digiri 12. Sai mai gida ya bar ta ta kwanta, ya huda ta a kan kari, ya jawo ta da famfon hannu, kuma in an buɗe ganga dole a shanye ta cikin kwana uku ko makamancin haka. Aiki ne mai son gwani, kuma asara tana kusa. Kamfanoni suka ga gara a tace giyar, a dafa ta don kashe yis, a rufe ta a gangar ƙarfe, a tura ta da iskar gas. Wannan ba ta lalacewa, ba ta buƙatar gwani, kuma ɗanɗanonta ɗaya ne daga Cornwall har iyakar Sikotilan. Ga mai lissafin riba, babu abin da ya fi haka. Ya kamata kuma a yi musu adalci: giyar gargajiya a hannun malalacin mai gida takan zama ruwan tsami, kuma mutane da yawa sun yi maraba da sabuwar don ba ta ba su kunya.

A ranar 16 ga Maris 1971 wasu samari huɗu daga arewa maso yammacin Ingila, Michael Hardman da Graham Lees da Jim Makin da Bill Mellor, suna yawon hutu a yammacin Ayalan, suka kafa ƙungiyar da aka sani da CAMRA. Uku daga cikinsu 'yan jarida ne, sun kuwa san yadda ake sarrafa kalma. Su ne suka ƙirƙiro laƙabin da ma'anarsa ita ce giya ta gaskiya, laƙabin da ya shiga ƙamus, ya kuma bar giyar kamfanoni da sunan da ba a faɗa ba. Sun yi jerin gwano a garin Stone a kan rufe masana'antar Joule, wadda duk da haka aka rufe a 1974. A wannan shekara suka buga jagorar mashayun da suke da giyar gargajiya, a 1977 kuma suka fara babban bikin giya na ƙasa a Landan. Watneys Red Barrel, wadda ta zama abin zolayarsu, ta ɓace daga kasuwa. Ƙananan masana'antu suka fara tsirowa: Selby a 1972, Litchborough a 1974, Ringwood ta Peter Austin a 1978.

Nasarar da ta biyo baya ta zo da ƙaya. A 1989, bayan binciken hukumar hana babakere, gwamnati ta umarci duk kamfanin giya mai mashayu fiye da 2,000 ya saki rabin abin da ya haura, ya kuma bar 'yan hayarsa su sayar da giya ɗaya ta wani. Manyan suka gwammace su rabu da ɗayan sana'o'in biyu. Dubban mashayu suka faɗa hannun sabbin kamfanoni irin su Punch da Enterprise, waɗanda ba su dafa kome, sai karɓar haya da biyan bashin banki, kuma a wurinsu mashayar da ba ta kawo riba fili ce ta gina gidaje. An gudu ba a tsira ba ke nan. A ɗaya ɓangaren, a 2002 Gordon Brown, yana ministan kuɗi, ya rage wa ƙananan masu dafawa rabin haraji, kuma cikin shekara goma sha biyar masana'antun Birtaniya suka kai kusan 2,000. Amma mashayu, waɗanda suka kai kimanin 69,000 a 1980, sun sauko zuwa 60,800 a 2000, sa'an nan 47,200 a 2019. Giyar kanti mai arha, da hana shan taba a cikin mashaya a 2007, da raguwar shan giya a tsakanin matasa, duk sun taimaka. Giyar gari ta dawo, ta tarar ana rufe gidan da za a sha ta.

Shi ya sa a wannan ƙarni kokawar ta koma kan ginin kansa. A ƙauye mashaya ce zauren taro, nan ake walimar jana'iza da taron 'yan ƙwallo, nan tsoho marar kowa yake samun wanda zai tambayi lafiyarsa. A 2003 mutanen ƙauyen Hesket Newmarket suka haɗa kuɗi suka sayi tasu. Dokar 2011 ta ba jama'a damar yi wa mashaya rajista a matsayin kadarar al'umma, a dakatar da sayar da ita wata shida har su nemo kuɗi. A Landan, da aka rushe Carlton Tavern ba da izini ba a 2015, hukumar yankin ta tilasta a sake gina ta kamar yadda take, aka buɗe ta a 2021. A garin Lewes kuwa, da kamfanin Greene King ya cire giyar Harvey, wadda ake dafawa a cikin garin, daga mashayar Lewes Arms a ƙarshen 2006, mutanen gari sun ƙaurace wa gidan fiye da wata huɗu, har aka mayar da ita a Afrilun 2007.

Shi kuwa Burton, har yanzu ana dafa giya a cikinsa da yawa, amma manyan masana'antunsa na kamfanonin ƙetare ne. Gidan tarihin sana'ar da yake garin an rufe shi a 2022. A 2024 aka daina amfani da jerin gangunan katako na Marston, tsarin da Burton ta shahara da shi tun ƙarni na 19, kuma a farkon wannan shekara aka rufe Ringwood, wadda wani babban kamfani ya saye tun 2007. Jeri ɗaya na waɗannan ganguna an ɗauke shi an kai wa Thornbridge, wata ƙaramar masana'anta a lardin Derbyshire wadda aka kafa a 2005, kuma a can aka sake cika su.