Baƙar Mota a Garin Ƙura: Yadda Aikin Fenti Ya Sauya a Jalingo

Kafin a ƙirƙiro Jihar Taraba ranar 27 ga Agusta, 1991, Jalingo hedikwatar ƙaramar hukuma ce a tsohuwar Jihar Gongola. Motocin garin ba su da yawa, har mai fenti a unguwar Barade kan faɗa maka mai motar da ta wuce da jin kukan injinta kawai, bai ɗaga kai daga aikinsa ba. Kusan duk 'yan gida ɗaya ne: Peugeot 404 da 504 daga masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, sai Volkswagen ƙirar kunkuru daga Legas, da Land Rover na ma'aikatan gona da na lafiya, da 'yan Mercedes na manyan 'yan kasuwa. Fari ne ya fi yawa, sai ruwan madara da shuɗi da ruwan toka. Baƙar mota ba kasafai ake ganinta ba, mutane ma gudunta suke yi saboda zafi.

A hannun mutanen wancan zamani na koyi aiki, kuma har gobe ina jinjina musu. Fentin da suke fesawa selulos ne, ana sirka shi da tina. Idan fanel bita ya gama buga jikin mota ya miƙe, sai a shafa fila, a bi da sanfefa da ruwa har tafin hannu ya daina jin tudu ko kwari, a fesa faraima, sannan a hau fesa launi hawa-hawa. Da sassafe ake feshi, kafin iska ta tashi, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Fentin kan bushe ba wani sheƙi, sai an bi shi da kwamfawun da tsumma, da ƙarfin damtse. Mu yara aikinmu ke nan. Maigida ya zo ya karkata kai ya dubi ƙofar ta gefe, in bai ga fuskarsa sarai a ciki ba ya ce, "Kai yaro, koma."

Abin da ya kamata a riƙe game da wannan fenti shi ne, launi da sheƙi a haɗe suke, abu ɗaya ne tun daga sama har ƙasa. Galibin fentin da motoci ke fitowa da shi daga kamfani a lokacin ma haka yake, duk da gasa shi ake yi. Shi ya sa in ka goge jar mota da kwamfawun tsummanka ya yi ja, in shuɗiya ce ya yi shuɗi. Rana ta dafa mota ta koɗe, sai a kankare mataccen saman, sabon launi ya fito daga ƙasa. Direba ya kwarzane ta da busasshen tsumma shekara guda, a yini ɗaya mu dawo da ita. Fenti ne mai yafiya, kuma a kansa duk ɗabi'unmu suka ginu: na mai fenti, na direba, na mai wanki.

Shi kansa selulos ɗin tsohon abu ne a duniya lokacin da muke ganin sa sabo. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da shi da sunan Duco, aka fesa wa motocin Oakland na 1924, ya rage bushewar fentin mota mai launi daga makonni zuwa sa'o'i. Daga 1914 zuwa 1925 kuwa, kamfanin Ford baƙi kaɗai yake fesa wa motarsa Model T, saboda shi ne mai araha mai ƙarko. Wato a can farko baƙi launin motar talaka ne. A wurinmu sai ya zo a matsayin launin mulki.

Sauyin ya zo mana ta hanya biyu a kusan lokaci guda. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai ƙasa ta koma kan motocin hannu da ake kira Beljiyam, waɗanda ake saukewa a Legas da Kwatano. Ana cikin haka aka ba mu jiha, ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Yola, 'yan kwangila suka biyo su, gari ya cika da Honda da Toyota da Mercedes da Golf. Waɗannan motoci da wani irin fenti suka zo, wanda masana'antun Turai da Japan da Amurka suka rungumi yin sa a shekarun 1980: launi siriri a ƙasa, ba shi da sheƙin kansa, sannan a rufe shi da wani ruwa garai da muke kira kiliya. Duk ƙyallin da ido ke gani na kiliyan ne. Tsofaffin gareji sun gane an samu canji ne ranar da suka goge baƙar mota da kwamfawun, tsumma ya ƙi yin baƙi.

Kaurin kiliyan kamfani maikiron 40 ne zuwa 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ko ƙasa da haka. Silin gashin kai ɗaya ya fi shi kauri. Wannan ɗan abu ne ke tsakanin launin mota da ranar Jalingo ta watan Maris, domin a cikinsa ake zuba sinadarin da ke tare zafin hasken rana. Abin da aka kankare daga jikinsa kuwa ya tafi ke nan, ba wani sabo da zai fito daga ƙasa. Fenti ya sauya gaba ɗaya, hannayen da ke taɓa shi kullum ba wanda ya gaya musu.

Daga 1999, da mulkin farar hula ya dawo, baƙaƙen motoci suka zama kayan ado na muƙami. Peugeot 406 baƙa, daga baya Prado da Land Cruiser da Lexus, a jere a kan titin Hammaruwa ranar taro ko ranar ɗaurin aure. Ɗan kasuwa ya gani ya yi sha'awa, matashin da ya samu kuɗi ya bi sahu. Daga nan ne ƙorafi ya fara yi mana sallama.

Farar mota da baƙa duk karce ɗaya suke samu, bambancin a gani yake. Ƙaramin karce a jikin kiliya yana watsa haske, ya fito fari-fari. A kan fari ya ɓace, a kan baƙi ya tsaya ƙuru-ƙuru. Ka tsaya kusa da baƙar mota da tsakar rana, ka dubi inda hoton rana ya faɗa a kan bonet, za ka ga siraran layuka zobe-zobe sun kewaye shi. Ba itace ne ya yi su ba, ba wata motar ba ce. Hannu ne da tsumma.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta haɗu da jar ƙasar titunanmu na unguwa. A cikin wannan ƙura akwai ƙwayoyin yashi masu taurin da ke iya karce gilashi, kiliya kuwa dangin roba ne. Mota ta kwana a waje, da asuba ta yi furu-furu. Direba mai son burge maigidansa ya ɗauko tsohuwar singileti ko tawul, ya bi jikinta a bushe yana murzawa. Sanfefa ce ya yi mata, da kyakkyawar niyya.

Wani Alhaji ya taɓa dawo mini da baƙar motarsa 'yan watanni bayan na fesa ta, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, wannan fentin naka ba na ƙwarai ba ne, dubi yadda ya yi hazo." Na ce, "Ranka ya daɗe, da me ake goge ta da safe?" Ya kira direbansa, yaron ya buɗe but ya zaro tawul. Na karɓa na kaɗe shi a kan wata baƙar leda, yashi ya zubo har ana jin ƙararsa. Na buɗe ƙofar motar na nuna masa bakin ƙofa ta ciki, inda fenti ɗaya ne, rana ɗaya aka fesa, amma tsumma ba ya kaiwa. Yana nan yana ɗaukar ido. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da direban, "Daga yau kar ka ƙara taɓa ta sai da ruwa."

Sana'ar wankin mota ita ma ta yi tata tafiyar. Da, rafi ake gangarawa, Mayo Gwoi ko Lamurde, a tsayar da mota a bakin ruwa a yi ta watsa mata da bokiti, ruwan da kansa yashi ne a ciki. Sai rijiyoyin burtsatse suka yawaita, injin feshin ruwa ya zo, wuraren wanki suka buɗe a kowace unguwa, samari da yawa suka samu abin yi. Wannan ci gaba ne na gaske, domin feshin ruwa mai ƙarfi yana sauke yashi kafin hannu ya taɓa. Amma sauran aikin bai sauya ba. Bokiti ɗaya, soso ɗaya, da shi za a wanke taya da shi za a hau bonet. Sabulun kuwa omo ne na wankin kaya, wanda ke cire duk wani folish da ke kare fenti. Kuma a tsakiyar rana ake yi, lokacin da baƙar mota ta yi zafin da hannu ba ya iya tsayawa a kanta, ruwa ya bushe nan take ya bar tabon gishirin da ke cikin ruwan burtsatse. Irin wannan tabo da kashin tsuntsu da na jemage, ga masu ajiye mota a gindin mangwaro ko darbejiya, in sun sha rana suna cin kiliya har su bar gurbi.

Abin da ya fi ba ni takaici a duk tarihin nan shi ne injin bofin, wato injin goge fenti. Da ya shigo hannunmu sai ya zama maganin kowace cuta. Mota ta yi hazo, a sa mata kwamfawun mai kaushi, a bi ta da inji, cikin sa'a biyu ta fito tana walƙiya, mai ita ya biya yana murna. Ba a gaya masa cewa sheƙin nan da kaurin kiliyansa aka saye shi ba. A yi haka kowace sallah, shekara kaɗan sai ka ga rufin mota da bonet sun fara fari suna saɓulewa. Ka duba tsofaffin baƙaƙen Honda da Toyota da ke yawo a gari, za ka ga da yawa da wannan ciwo. Rana na da nata laifin, amma mu muka rage musu garkuwa. Bofin aiki ne mai kyau in an yi shi da kwamfawun mai laushi, a inda ake bukata, sau ƙalilan a rayuwar mota. Wanda ya mayar da shi abin yi duk wata yana cin amanar mai mota, ko ya sani ko bai sani ba.

Bayan an hana hawa babura a cikin Jalingo a 2012, keke napep ya cika tituna, mu kuma muka fara ganin wani irin rauni: dogon karce a ƙofa da bamba daga cunkoson bakin kasuwa. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka ja farce a kai, in bai maƙale ba a saman kiliya yake, folish zai ɗauke shi. In ya maƙale, ko ka hango farin faraima, sai feshi. A nan ne mai fenti ke nuna ko ya iya, domin baƙi ba ɗaya ba ne. A Toyota kaɗai akwai lamba 202, baƙi wuluk, akwai 209 da 218 masu ɗan ƙyalƙyali a ciki. Mercedes na da 040 da 197. Lambar na rubuce a jikin ƙaramin allo a bakin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Wanda ya haɗa da ido kawai, a inuwa aikinsa zai yi kyau, a rana ƙofar ta fita daban.

Fentin da muke fesawa yanzu otobes ne, wato launin ƙasa, da kiliya mai hadna, sinadarin da ke sa ta yi tauri, kuma masu hali sun gina ɗakin gashi da ake kira obin, inda ƙura ba ta shiga, zafi ya ƙarfafa fentin. Aiki ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Sai dai hadna ɗin nan na ɗauke da guba mai jawo ciwon asma, kuma har yau za ka ga yaro yana feshi da hankici a hanci, ya gama a sayo masa madarar gwangwani wai ta wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, tururin kuwa huhu ya shiga. Duk maigidan da ke iya sayen bindigar feshi yana iya sayen takunkumin fuska mai matata, kuma haƙƙin yaron ne a wuyansa.

A 'yan shekarun nan sababbin abubuwa sun iso daga Abuja da Legas: ruwan seramik da ake shafawa ya daskare a kan kiliya, da wata leda garai da ake liƙa wa gaban mota. Ledar na tare tsakuwa da ƙaramin karce da gaske. Seramik yana sa ruwa da datti su zame, wanki ya yi sauƙi, amma ba ya hana yashi karce, kome mai talla zai faɗa. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, kuɗin fenti da hadna da kiliya, waɗanda galibi daga waje ake shigo da su, ya yi tashin da fesa mota gaba ɗaya ya fi ƙarfin mutane da yawa. Yanzu ne masu baƙaƙen motoci suka fara tambayar yadda za su kiyaye wanda suke da shi.

Amsar tana hannun yaron wanki, wanda a duk jerinmu shi ne ba a koya wa komai, shi ne kuma ake biya mafi ƙanƙanta. Mai fenti yana shekaru a gaban maigida kafin a yaye shi, yaron wanki ranar da ya zo ake miƙa masa soso. Duk wanda ya zo wurina ina nuna masa abin da bai wuce a koya a wuni ɗaya ba: a yi wanki a inuwa, mota ta huce, a fesa ruwa sosai kafin a taɓa ta, a fara daga rufi a gangaro, bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye soso, tayoyi da nasu soson daban, a tsane da tawul mai laushi irin na maikirofaiba, kuma wanda ya faɗi ƙasa kar ya koma jikin mota sai an wanke shi. Folish mai kakin kanoba duk bayan 'yan watanni ya wadatar. Rigar mota ma kar a lulluɓa a kan ƙura, domin iska za ta yi ta goga ta a jiki har gari ya waye.

Na yi wannan magana da masu wuraren wanki a Barade da Sintali da Turaki, kuma ba su musa ba. Abin da suke cewa shi ne, wanki irin wannan yana cin ruwa da man janareto da lokaci ninki biyu, mai mota kuwa in ka ƙara masa kuɗi gobe sai ya wuce wurin maƙwabcinka. Wasu daga cikinsu sun fara ware farashi daban na baƙar mota, da bokitai da tawul ɗinta daban, kuma masu Prado da suka taɓa biyan kuɗin feshi su ne suka fara amsawa.