Kilomita nawa ne tsakanin Kamba da Bagudo ta sama?

Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi, da Bagudo, hedikwatar ƙaramar hukumar da ke iyaka da Jamhuriyar Benin, duk suna yammacin Jihar Kebbi. Idan aka ja miƙaƙƙen layi a taswira daga wannan gari zuwa wancan, tazarar kusan kilomita 80 ce. Wannan layin shi ake kira nisan sama.

Ana samo shi ne daga matsayin kowane gari a doron ƙasa. Digiri ɗaya na layin da ke auna arewa da kudu ya kai kimanin kilomita 111. Bagudo tana kudu da Kamba da kusan kilomita 50, tana kuma gabas da ita da kusan kilomita 60. Haɗa waɗannan biyu a lissafin kusurwa shi ke ba da kusan 80. Matuƙa jirgin sama suna auna nisa da mil na teku, wanda kowanne ya kai kilomita 1.852, don haka a wurinsu tazarar mil 43 ce. Ƙaramin jirgi mai gudun kilomita 250 a sa'a zai cinye ta cikin minti 20.

Sai dai babu jirgin fasinja da ke bin wannan layi, domin babu filin jirgin sama a ko ɗaya daga cikin garuruwan. Wanda ya fi kusa da Kamba a cikin Najeriya shi ne filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, wanda aka gina a zamanin Gwamna Sa'idu Dakingari. Daga Kamba zuwa Birnin Kebbi ma kusan kilomita 90 ne ta sama. Matafiyi a ƙasa kuwa yana da Gulbin Kebbi da fadamunsa a gaba, kafin gulbin ya faɗa Kogin Neja, sai ya bi inda gada take ko ya shiga kwale-kwale.

Abin lura shi ne Kamba ta fi kusa da ƙasashen waje fiye da babban birnin jiharta. Gaya ta Jamhuriyar Nijar ba ta kai kilomita 30 daga Kamba ba, Malanville ta Benin kuma tana tsallaken kogi daga Gaya. Amma kusancin bai hana doka nisanta su ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Kamba ba sai watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sake rufe ta, har zuwa watan Maris na 2024.

Saboda haka, idan jami'i ya ambaci nisan wani gari a yankin, ya kamata a tambaye shi wane nisa yake nufi. Adadin sama yana amfanar jirgin soja da masu tsara taswira. Ga mai naƙuda da za a kai asibitin tarayya a Birnin Kebbi, ko ɗan kasuwa mai motar albasa, ingancin titi, wurin gada da yawan shingayen bincike su ne ke yanke tsawon tafiya, kuma dukkansu suna hannun gwamnatin da ake zaɓa.