Takardun Da Jirgi Ya Kawo Mana

Tun wajajen 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen Fatakwal, Kaduna da Jos. Ba kwal da kuza da citta kaɗai jirgi ke ɗauka ba, har da takardu. Iyayenmu Gaskiya Ta Fi Kwabo suka sani, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Mu kuwa da muka yi wayo a ƙarshen shekarun 1960, African Film ce tamu, mujallar hotuna ta kamfanin Drum mai labarin Lance Spearman, gogan nan mai kwat da malafa. Ko ba ka jin Turanci, hoto zai nuna maka wa ya naushi wa. Kwafi ɗaya sai ya zaga unguwa har bangonsa ya fita, a ɗinke da zare a ci gaba. A 1976 Ikebe Super ta Wale Adenuga ta fito, ita kam ɓoye ta muke yi kada manya su gani.

Yau ina suke? Gara ta ci wasu, masu ƙosai sun naɗe da wasu, gobarar kasuwa a rikicin 2011 ta lashe na shaguna.

A Amurka kuwa maki ake ba irin waɗannan takardu, daga rabi zuwa 10, gwargwadon lafiyarsu. Kwafin Action Comics na farko, na 1938, inda Superman ya fara fitowa, dala miliyan 6 aka saye shi a 2024. Namu ba za su kai haka ba, amma mai saura a adaka, don Allah kada ya liƙa musu salatif, yana cin takarda. A raba su da danshi, a kawo mu ɗauki hotonsu.