Tarihin Binciken Rayuwar Abokan Tafiyar Turawa Masu Yawon Gano Ƙasashe

Binciken rayuwar abokan tafiya reshe ne na ilimin tarihi da yake bin diddigin tafintoci da jagorori da barorin da suka raka Turawa masu yawon gano ƙasashe, domin a san asalinsu da iyalansu da abin da ya same su bayan an sauke kaya, kasancewar littattafan shugabannin tafiya ba su cika ambatonsu ba sai a gefen magana.

A ƙasar Hausa, wanda aka fi sanin rayuwarsa cikin irin waɗannan mutane shi ne Dorugu, haifaffen yankin Damagaram da aka kama bawa yana yaro, har Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi a Borno, kuma da Overweg ya rasu a 1852 sai ya koma hannun Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim. A 1853 ayarinsu ya tashi daga Katsina ya ratsa Zamfara ta Zurmi, arewa da Gusau, sannan ya keta dajin Gundumi, wanda matafiya kan ratsa dare da rana ba su yada zango ba saboda ƙarancin ruwa da tsoron harin Gobirawa, kafin su sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba kusa da Wurno.

Bayan sun kai Tumbutu sun dawo, Barth ya kai Dorugu da abokinsa Abbega, Bamargi, Ingila a 1855, inda malamin mishan J. F. Schön ya riƙa rubuta labarin Dorugu daga bakinsa da haruffan boko, aka buga shi a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano yana koyarwa a makarantar Baturen da ake kira Ɗan Hausa a Nasarawa, ya rasu a 1912. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarin zuwa Ingilishi tare da sharhi, suka haɗa shi da tarihin Maimaina Sarkin Askira, jikan Abbega.

Irin wannan aiki ne ya fito da darajar Matthew Henson, baƙar fatan Amurka da ya raka Robert Peary a tafiyar neman kaiwa ƙuryar arewacin duniya mai ƙanƙara a 1909, inda mai bincike S. Allen Counter ya gano ɗan Henson a Girinlan a 1986, aka kuma mayar da kabarin Henson maƙabartar Arlington a 1988.

Hanyar binciken ita ce gwama rubutun shugaban tafiya da wasiƙu da abin da zuriya ta riƙe a ka. Saboda haka a garuruwan Zamfara irin su Gusau da Bungudu da Tsafe, wadda tsohuwar cibiyar malamai ta 'Yandoto take kusa da ita, kundayen ajami da bakin jikokin madugai, wato shugabannin ayarin fatake, su ne taskar da ya wajaba a tattara tun dattawan da suka ji daga kakanninsu suna raye.