Mbari Mbayo: Gidan Da Ya Fitar Da Sunan Oshogbo Duniya

Duk wanda ya daɗe a Oshogbo, ko da sana'arsa ba ta wuce goro ko shanu ba, ya san akwai abin da ke kawo Turawa garin nan wanda ba ya kai su Ikirun ko Iwo. Idan ka tambayi samarinmu na Sabo mene ne, za su ce maka ai bikin Oshun ne da ake yi a watan Agusta. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin ya faro ne a wani gida da ke kan titin tashar jirgi a shekarar 1962, inda aka buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofa aka ce su shigo su gwada hannunsu, ba a tambaye su takardar makaranta ba, ba a kuma karɓi ko sisinsu ba. Tun da a garin muke ci muke sha, ya kamata mu san tarihin wannan gida.

A wancan zamani Oshogbo ba wani babban birni ba ne. Abin da ya ɗaga ta shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso daga Ikko a 1907, shekara huɗu kafin ya kai Kano. Gari ne na 'yan kasuwa da marina, har Yarbawa suna yi masa kirari da garin rini. Babu jami'a, kuma sai a 1991 ya zama hedkwatar jiha. Wani abu kuma da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a 1955 gwamnatin Awolowo ta soma ba da ilmin firamare kyauta a Jihar Yamma. Kafin a ce kwabo gari ya cika da yara da suka gama firamare, sun iya karatu da rubutu, sun fi ƙarfin gona a ganinsu, aikin ofis kuma babu. Waɗannan su ne kayan aikin da Mbari Mbayo ta samu a ƙasa.

Mutum biyu ne suka kafa gidan. Na farko wani Bajamushe ne, Ulli Beier, wanda ya zo Nijeriya a 1950 don koyarwa a Kwalejin Jami'a ta Badun. Zaman harabar jami'a bai yi masa ba, sai ya koma sashen da ke kai darasi garuruwa don manya, ya zauna a Ede, ya zauna a Ilobu, daga baya ya tare a Oshogbo. A 1957 ya fara fitar da mujallar adabi mai suna Black Orpheus. A 1961 kuma shi da su Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele, wani marubuci da ya gudo daga Afirka ta Kudu, suka kafa kulob ɗin marubuta da masu zane a unguwar Dugbe ta Badun, a harabar gidan abincin wani ɗan Labanon. Akwai ɗakin karatu a ciki, da ɗakin baje zane, da filin wasan kwaikwayo. Chinua Achebe ne ya ba shi suna Mbari, watau sunan wasu ɗakunan ƙasa masu ado da Ibo na wajen Owerri ke ginawa. Kulob ɗin ya buga littattafan farko na marubuta da dama, ya kuma baje zanen Ibrahim el-Salahi na Sudan, wanda hannunsa ya tashi daga rubutun Larabci irin na allo.

Sai dai kulob ɗin Badun na 'yan boko ne. Wanda bai ji Turanci sosai ba, ko ya shiga zai tsargu.

Na biyu shi ne Duro Ladipo, haifaffen Oshogbo, ɗan wani malamin coci. Malamin makaranta ne, ya ma taɓa koyarwa a Kaduna kafin ya dawo gida. A 1960 ya shirya waƙoƙin bikin Ista ya sa gangunan gargajiya a ciki, dattawan coci suka ce ba su san wannan ba, ganguna irin na masu bautar Shango ba za su shiga ɗakin ibada ba. Ladipo ya rasa inda zai kai kiɗansa. Da ya ga abin da ake yi a Badun sai ya ce me zai hana a yi irinsa a garinsu, amma da harshen da mutanen gari ke ji. Ba shi da kuɗi, amma yana da gidan gado, da wata 'yar mashaya da yake gudanarwa a ciki. Aka share mashayar ta zama ɗakin baje zane, tsakar gida ta zama filin wasa, aka buɗe a watan Maris na 1962.

Sunan ma mutanen gari ne suka gyara shi. Kalmar Mbari ba ta da ma'ana a kunnen Bayarabe, amma ta yi kama da wata magana tasu, sai suka ƙara mata jela ta zama Mbari Mbayo, ma'ana idan na gani zan yi farin ciki. A ganina wannan ƙaramin abu shi ne alamar farko cewa gidan ya zama na gari, domin mutane ba sa raɗa wa abin da ba nasu ba suna.

Wasan kwaikwayo ne ya fara jan jama'a. Ran buɗewa ƙungiyar Ladipo ta yi Oba Moro. Da shekara ta zagayo, a 1963, suka fito da Oba Koso, wanda shi ne ya yi masa suna. Labarin Shango ne, Alafin na tsohuwar Oyo, wanda ya ji tsoron manyan jarumansa biyu, Timi da Gbonka, ya haɗa su faɗa don su kashe juna, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, har ya rataye kansa, mabiyansa kuma suka ce sarki bai rataye kansa ba. Ga mutumin Oshogbo wannan ba labarin nesa ba ne, tun da Ede, garin Timi, ga ta nan kusa. Ladipo da kansa yake fitowa a Shango, matarsa Abiodun tana fitowa a Oya. A 1964 aka kai wasan bikin Balin a Jamus, a 1965 aka kai shi bikin ƙasashen renon Ingila. Ka ji fa, daga tsakar gida a Oshogbo.

Amma abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne ajin zane. A 1962, aka sake a 1963, wani mai zane ɗan ƙasar Gayana, Denis Williams, ya zo ya yi 'yan kwanaki da duk wanda ke so. Daga nan aka samu Jacob Afolabi, wanda a da shi ke sayar da abin sha a mashayar Ladipo, da Rufus Ogundele, ɗan wasa a ƙungiyar. Ajin da ya fi suna shi ne na watan Agusta 1964, wanda wata Baturiyar Ingila, Georgina, ta gudanar. Ita ma ta biyo ta wajenmu, domin a Zariya ta fara zama tun 1959 kafin ta sauko Oshogbo, daga baya ta auri Beier. Kwana biyar kacal aka yi. Kayan aiki kuwa, fentin bango ne da takarda mai araha da buroshi. Ba a kafa allo an ce ga yadda Turawa ke zana mutum ba, ba a ajiye tulu an ce kowa ya kwaikwaya ba. An dai ba kowa takarda an ce ya fitar da abin da ke kansa, malama tana zagayawa, inda ta ga hannu ya kama hanya sai ta ce a bi nan. Waɗanda ta ga suna da rabo ta ci gaba da zama da su bayan an tashi, ta koya musu yadda ake sassaƙa zane a faranti a buga shi da yawa.

Dubi waɗanda suka fito daga wannan aji. Jimoh Buraimoh mai gyaran wuta ne, shi ke kula da fitilun wasan Ladipo. Shi ya ƙirƙiro zane da duwatsun ado irin waɗanda ake yi wa rawanin sarakunan Yarbawa, yana liƙa su a katako. Muraina Oyelami makaɗi ne kuma ɗan wasa, daga baya ya zama basarake a garinsu Iragbiji. Adebisi Fabunmi shi ma ɗan wasa ne, ya koma yin zane da zare. Sai wanda ya fi su duka ƙaurin suna, Taiwo Olaniyi, wanda ya raɗa wa kansa Twins Seven-Seven saboda a cewarsa sau bakwai mahaifiyarsa tana haifar tagwaye shi kaɗai ya rayu. Rawa yake yi wa masu tallar magani a kasuwanni, ya kutsa wani biki a Mbari Mbayo ba da gayyata ba, rawarsa ta sa aka ce ya zauna. Mutumin nan a 2005 hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadanta na zaman lafiya ta fannin zane, ya rasu a 2011.

Ba 'yan aji kaɗai ba. Asiru Olatunde maƙeri ne da rashin lafiya ta hana shi aikin ƙira mai nauyi, sai ya koma yin 'yan kunne, aka ba shi shawara ya gwada buga hoto a fallen gorar ruwa, ya yi suna da shi har ƙasashen waje. Adebisi Akanji magini ne, ya koma yin katangar siminti mai siffofi. Mai karatu zai lura da sunaye irin su Jimoh da Muraina da Asiru, watau Ashiru: da yawansu 'ya'yan gidajen Musulmi ne. Ba a ɓoye ba, wani sashe na aikin Oshogbo ya shafi bautar gargajiya, musamman gumakan da Susanne Wenger, 'yar Ostiriya, matar Beier ta farko, ta gina tare da su Akanji a kurmin Oshun. Wannan ba hanyarmu ba ce, kuma na san shi ya sa da yawa daga cikinmu suke kallon harkar gaba ɗaya daga nesa. To amma ajin Georgina wani abu ne dabam. Abin da aka yi a can, a ba yaro kayan aiki da wuri da mai duba hannunsa, zai yi a kan ɗinkin hula da aikin fata da zayyanar allo kamar yadda ya yi a kan fenti. Mu da muka fito daga ƙasar marinar Ƙofar Mata bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba.

Kyauta ga yaro ba ya nufin babu wanda ya biya. Gida na Ladipo ne, amma kuɗin tafiyar da ƙungiyoyin Mbari wani kaso ya fito ne daga wata ƙungiyar raya al'adu da ke Faris, inda Mphahlele ya koma aiki. A 1966 da 1967 jaridun Amurka suka tona cewa hukumar leƙen asirin ƙasarsu, CIA, ita ke zuba wa ƙungiyar ta Faris kuɗi a ɓoye, don yaƙin cacar baki da Rasha. Yaron da ke shafa fenti a Oshogbo ina ya san wannan? Sa'an nan masu sayen zanen galibi Turawa ne, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da kamfanoni a Ikko. Daga nan suka ta taso. Wasu masu zane da suka yi karatu a kwaleji suka ce Beier ya tara jahilai ne yana sa su zana aljanu da dodanni don abin da Bature ke son gani ke nan daga Afirka. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya, domin da kasuwa ta buɗe masu kwaikwayo sun cika gari, kowa yana zana irin na Twins. Shi kansa Beier ya ba masu suka abin faɗa, don ya rubuta wasanni da sunan aro na Bayarabe, Obotunde Ijimere. Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce abin da ya faru bayan tafiyarsa. A ƙarshen 1966 shi da Georgina suka bar Nijeriya suka nufi Papuwa Niugini. Da a ce su ne ke riƙe da hannun yaran, da abin ya mutu a shekarar. Bai mutu ba. Su Buraimoh da Oyelami sun yi shekaru fiye da hamsin suna aiki, kowa da salonsa.

Kulob ɗin Badun shi ne bai yi tsawon rai ba. Yaƙin basasa ya watsa mutanensa, aka kashe Okigbo a fagen daga a 1967, aka tsare Soyinka daga 1967 zuwa 1969. Ƙungiyar wasan Ladipo kuwa ta ci gaba har rasuwarsa a 1978, ko da yake masu zane sun riga sun watse kowa ya buɗe shagonsa yana ɗaukar almajirai, wasu kuma sun koma cibiyar Ori Olokun da Jami'ar Ife ta buɗe a 1968.

Wadda ta ɗauki al'adar koyarwa kyauta ta raya ta ita ce Nike Davies-Okundaye, 'yar Ogidi a Jihar Kogi ta yanzu, wadda ta koyi rini da saƙa a hannun iyayenta mata, ta kuma taɓa zama matar Twins. A 1983 ta buɗe cibiyarta a Oshogbo da kuɗin da ta samu daga sayar da aikinta, ta ce duk mai son koyon adire da batik da saƙa da ɗinkin ado ya zo, ba za a karɓi kuɗin koyo ba. Mata da yawa da ba su da madafa sun samu sana'a ta nan. A 2005 UNESCO ta sa kurmin Oshun cikin wuraren tarihi na duniya. A farkon 2009 Wenger ta rasu a Oshogbo, a shekarar ne kuma aka buɗe cibiyar al'adun baƙar fata a garin, inda aka ajiye hotuna da takardu da littattafan da Beier ya tara. Shi Beier ya rasu a Ostireliya a 2011, Georgina kuma a 2021.