Daga Gatari Zuwa Inji: Tarihin Sarar Itace a Ƙasarmu da Batun Tsaron Lafiyar Masu Sana'ar

Duk wanda ya tashi a Ikara, ko Makarfi, ko Kudan, ya san cewa rayuwarmu ba ta taɓa rabuwa da itace ba. Da azarar giginya kakanninmu suka rufe soraye, da kirya suka sassaƙa turmi, da maɗaci suka yi ƙyaure da kujera. Sai dai an daɗe ana maganar bishiyoyin da ke ƙarewa, ba a cika tuna mutumin da ke tsaye a gindinsu yana sara ba. Shi ne wannan maƙala za ta waiwaya.

Zamanin gatari

Kafin zuwan Turawa, sarar babban icce aiki ne na masassaƙa, kuma gado ne. Yaro yakan fara da ɗaukar wa ubangidansa gatari da gizago, ya shafe shekaru yana kallo kafin a bar shi ya kayar da bishiya shi kaɗai. A nan yake koyon duba inda icce ya karkata, da inda iska ke kaɗawa, da gane kututturen da ya yi kogo, da hanyar da zai bi ya kauce idan iccen ya taho. Haka kuma ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya suna da masu su, ba a taɓa su sai da izini. Jinkirin gatari da tsawon koyo su ne makarantar tsaron lafiya ta wancan zamani.

Zamanin En'e

Da jirgin ƙasa ya ratsa Likoro da Gimi ya isa Kano a 1911, garuruwa suka buɗe, buƙatar katako da makamashi ta ƙaru. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar gandun daji a 1916, ta sake wata a 1937, aka ba hukumomin En'e ikon keɓe dazuzzuka. Malamin daji ya zama mutumin da ake shakka a ƙauye, domin sai da takardarsa ake kayar da wasu itatuwa. A lokacin ne masu zarto suka yawaita: mutum biyu, ɗaya a kan gungume, ɗaya a cikin rami, suna ja suna tsaga katako.

An kuma kafa wuraren ilimi. Makarantar koyon aikin gandun daji ta Jos ta buɗe a 1958, tashar binciken itatuwa ta Samaru a Zariya ta biyo baya a 1964, daga bisani aka samar da kwaleji a Afaka kusa da Kaduna, wadda ta ƙware kan aiki da injuna a daji. Amma waɗannan makarantu ma'aikatan gwamnati suka fi horarwa. Talakan da ke sara don neman abinci bai samu rabo ba.

Zuwan inji

Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera injin yankan itace a 1926, kuma cikin shekarun 1950 aka samu wanda mutum ɗaya zai iya riƙewa. Da injin ya iso ƙauyukanmu, aikin yini ya koma na mintoci. Kasuwa ma ta buɗe: 'yan katako na Sabon Garin Zariya, da gidajen burodi, da masu gawayi. Neman maɗobiya don fitarwa zuwa ƙasar Sin ya yi tsanani har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu daga 2017.

Abin da ya ɓace a wannan sauyi shi ne koyo. Yau matashi yakan riƙe inji bayan 'yan makonni yana bin wani, da silifa a ƙafa, kai babu hula. Alhali idan saman hancin injin ya taɓi icce, yakan yi tsalle ya dawo kan fuska ko kafaɗa kafin ƙiftawar ido. Ƙararsa takan haura ma'auni 100, likitoci kuwa sun nuna cewa daɗewa cikin ƙarar da ta wuce 85 yana kashe ji. Ga busasshen reshe da ke faɗowa daga sama, ga iccen da ya maƙale a jikin wani, ga nisan asibiti idan jini ya ɓalle.

Ƙa'idojin kuwa sanannu ne, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tattara su tun 1998. Ana fara yanke baki ta gefen da ake so icce ya faɗi, sannan a yanka ta baya, sama kaɗan, a bar wani sashe a tsakiya ya riƙe shi kamar maratayin ƙofa. Mai yanka ya share hanyar gudu tun kafin ya tayar da inji, ya kauce baya a karkace. Kada kowa ya matso kusa da nisan tsawon bishiyar sau biyu. Hular kwano, da takalmi mai ƙarfi, da abin toshe kunne, da wando mai kariya, wajibi ne. Kada mutum ya shiga daji shi kaɗai, kada kuma ya yi sara cikin iska mai ƙarfi.

Abin da ya rage gare mu

'Yan uwa mazauna Kaduna, Kano, Abuja da Legas, waɗannan matasa ƙannenmu ne da 'ya'yanmu, kuma idan ɗaya ya rasa ƙafa, wayarmu ce ke fara ƙara. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da wuya ta kai ga wanda ba shi da rajista, don haka nauyin yakan faɗo kan dangi.

Ƙungiyarmu za ta iya haɗa masu injuna a kowace gunduma su yi rajista, ta gayyato malamai daga Afaka su ba da horo na 'yan kwanaki bayan girbi, ta nemi Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ta koyar da taimakon gaggawa, musamman tsayar da jini. Masu hali su ɗauki nauyin kayan kariya. Hakimai da dagatai su sa sharaɗi cewa ba mai kayar da icce sai wanda ya samu horo, kuma ya dasa madadinsa.

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuɗin horar da matasa ashirin bai kai abin da gida ɗaya ke asara ba idan mai ciyar da shi ya kwanta. Allah Ya kare mana su, Ya albarkaci ƙasarmu, amin.